Tuƙi Uku

Mu sha huɗu ne, teloli a layi ɗaya cikin Garwa,
muka ce in allura ta huta bayan salla
mu je bakin Lagdo mu kwana uku,
mu ga ruwan da bai bi ta famfo ba.
Aka ce, Tanimu, kai ke da biro a kunne,
riƙe mana lissafin ciki.

Na juya takardar awon wandon wani,
a bayanta na fara.
Garin masakwa, na ce kwano takwas.
Gwamma ta ce sha biyu,
ba ka taɓa zama da Bakari a akushi ɗaya ba.
Bakari yana nan zaune. Bai musa ba.

Kuka, daddawa, kanwa ɗan gutsure,
busasshiyar kuɓewa da yakuwa,
man gyaɗa a galan da aka wanke sau uku
amma bai manta kananzir ba.
Albasa rabin buhu,
don mai ita surukin Hajjo ne,
kunya ta hana mu ce ta yi yawa.

Malam Sale, likita ya raba shi da gishiri,
ƙaramar tukunya tasa daban.
Indo ba ta cin tarwaɗa, kar a tambaye ta dalili.
Ɗantala kuwa shayi kaɗai ya dame shi,
sukari nawa, wa zai riƙe buta.

Nama ba ya kwana biyu a zafin nan.
Muka ce kilishi ya riƙe daren farko,
saura tafki ya ji da baƙinsa.
Jarka shida na ruwan sha.
Gawayi buhu ɗaya, ashana a aljihu uku,
don aljihu ɗaya ba abin amana ba ne.
Layi talatin da bakwai na rubuta,
na karanta sau biyu, kowa ya ce madalla.

Jauro ya tuƙa mu, tukunya tana kuka a saman mota
duk ramin da taya ta gaisa da shi.
Muka sauka rana ta yi ja,
dorina tana tari can cikin ruwa.
Duwatsu uku, wuta ta kama,
ruwa ya tafasa, talge ya yi.
Gwamma ta miƙa hannu ba ta waiwaya ba:
a ba ni muciya.

Shiru.
Har dorinar ta yi shiru.

Na haska takarda da waya,
daga gari har tsinken sakace,
babu.
Abin da ke jingine bayan kowace ƙofa
wa zai tuna ya rubuta shi?

Ludayi ya shiga, ya fito biyu.
Bakari ya saro reshe, ɗanye, yana hawayen ɗaci.
Talge yana ta bal-bal, ba ya jiran shawara.

Sai ga wani tsoho yana jan kwalekwale gaci,
Adum, in ji shi.
Ya dubi tukunya, ya dube mu,
ya ɗauko ƙaramin filafilin jikansa,
ya dirje shi da yashi, ya ɗauraye,
ya ce, tuƙi ai tuƙi ne.

Gwamma ta ɗaure zane, ta kama da hannu biyu,
ta tuƙa kamar mai ƙetare da mu.
Ko gudaji ɗaya.
Muka zama sha biyar a tabarma,
tsohon ya ƙara mana karfasa huɗu,
ya ce miyarmu ta ji albasa.

Da muka dawo, mai wando ya zo karɓa.
Na buɗe takardar neman tsawonsa,
kuka ta ɗiga daidai kan lambar.
Na ce masa, Alhaji, tsaya in sake aunawa,
ka ga kamar ka ƙara ƙiba.